Ridi Ya Kai Ni Garin Misora Hibari

Ridi ne ya kai ni Japan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe wa maigidana littafin lissafi a kasuwar Dawanau. Aikinmu sayen ridi daga hannun 'yan Maigatari da Gumel da Malam Madori, a sheƙe shi a inji, a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, a ɗure a buhuna, a loda a kwantena sai Apapa. Daga nan ban taɓa damuwa da inda yake ƙarewa ba. Ashe kusan duk ridin da Japanawa ke ci sayo shi suke yi daga waje, kuma Najeriya na cikin manyan masu kai musu. Suna matse shi su yi mai, suna soya shi su barbaɗa a kan shinkafa. Da masu sayen kayanmu suka gayyaci Alhaji ya zo ya ga yadda suke gwada kaya kafin su karɓa, sai ya ce in shirya, tunda ni ne mai ɗan jin Turanci a shagon. Muka tashi daga Kano ta Addis Ababa a ƙarshen kaka, ana cikin sussukar gero a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, muka sauka a Narita cikin sanyi irin na tsakiyar hunturu.

Maganar ciniki ba ta da tsawo. Kwana biyu muka yi a Yokohama, garin tashar jiragen ruwa da ke kudu da Tokyo, ana nuna mana yadda ake ɗiban ridi daga buhu a kai ɗakin gwaji, a nemi ragowar maganin ƙwari da fumfuna. Na rubuta abin da ya kamata in rubuta. Amma abin da ya biyo ni har gida muryar wata mata ce da ta rasu tun 1989.

Daren farko tafintanmu, wani saurayi da bai wuce shekara talatin ba, ya kai mu unguwar Noge mu ci kifi, don mun gaya masa ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Kano, shagunan abinci kuma 'yan ƙanana. Wanda muka shiga kujera takwas ce kawai a ciki. Wata dattijuwa ce ke gasa kifin, da ɗan farin ƙyalle ɗaure a goshi, a saman firij kuma ga wata tsohuwar rediyo mai cin kaset. Muna cikin jira sai wata murya ta fito daga ciki, mai kauri, har na ɗauka namiji ne. Can sai ta haura sama ta sirance, ta kama gaɓa ɗaya ta yi ta murɗa ta kafin ta sake ta. Dattijuwar ta tsaya cak da tsinken juya kifi a hannu, ba ta ci gaba ba sai da baitin ya sauka.

Alhaji ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Malam, ka ji kamar goge ne ya koyi magana."

Na tambayi tafinta ko wace ce. Ya yi dariya ya ce ai waƙar kakarsa ce, su yanzu ba sa jin irin wannan. Dattijuwar ta ji, ta harare shi, ta ce, "Hibari-chan." Ya bayyana mana cewa wannan chan ɗin ƙananan yara ake liƙa wa, ko ƙanwar da kake ji da ita. Matar da ta rasu tana da shekara 52, ga wata tsohuwa har yau tana kiran ta kamar 'yar da ta goya. Da muka fito ya nuna mana mutum-mutumin tagulla a gefen titi: yarinya 'yar shekara goma sha biyu, da doguwar hula irin ta Turawan da, da kwat mai jela. Ya ce ita ce, kuma 'yar garin nan ce. Tun daga daren na addabe shi da tambaya, abin da bai sani ba ya duba a waya, ko ya bugo wa kakarsa.

Sunan da iyayenta suka raɗa mata Kato Kazue. An haife ta ran 29 ga Mayu 1937 a unguwar Isogo ta Yokohama. Ubanta, Masukichi, kifi yake sayarwa, kuma a 1943 aka ɗauke shi soja. Ran 29 ga Mayu 1945, ranar da ta cika shekara takwas cif, jiragen yaƙin Amurka suka yi wa Yokohama ruwan bama-bamai masu cin wuta da hantsi, suka ƙone babban ɓangaren garin, dubban mutane suka mutu. Kafin wata uku Japan ta miƙa wuya. A cikin wannan toka da yunwa uwarta, Kimie, ta tattara 'yan makaɗa ta haɗa wa 'yarta ƙungiya, ta fara yawo da ita gidajen wasa. Daga baya aka sa mata sunan sana'a, Misora Hibari. Misora na nufin kyakkyawar sararin samaniya, hibari kuwa wani ɗan tsuntsu ne na gona da ke tashi tsaye sama yana rera kuka.

A 1946 aka kai ta gasar waƙa ta gidan rediyon NHK, inda ake buga ƙararrawa a nuna wanda ya ci. Ta yi waƙarta, alƙalai suka ƙi buga mata. Laifinta a wurinsu shi ne 'yar shekara tara ta rera waƙar manya da muryar manya, abin bai yi kama da yarinta ba. Har bayan ta yi suna wasu marubuta sun ci gaba da sukar ta a jaridu a kan haka. Da na ji wannan sai na tuna yadda ake yi wa yarinyar da ta cika zaƙin murya a dandalin garinmu: a tafa mata da dare, gari na wayewa a je a ja wa uwarta kunne. A 1947, suna yawon wasa a lardin Kochi, motar da take ciki ta yi haɗari, aka ɗauke ta kamar ba za ta rayu ba. Uban ya so ta bar waƙa daga nan, ta ƙi. Shi ma Mamman Shata ai ba da son mahaifinsa ya kama waƙa a Musawa ba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1949 kamfanin Nippon Columbia ya fara buga mata faifai, kuma a shekarar ta fito a fim ɗin Kanashiki Kuchibue, wato fito mai ban tausayi, da hular nan da kwat ɗin da na gani a Noge. Faifan waƙar ya sayu har kusan 450,000, a ƙasar da mutane ke layin shinkafa. A 1950 ta fito a Tokyo Kid a matsayin marainiya mai goge takalma. Wannan ba tatsuniya ba ce ga masu kallo. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1948 ta sami marayu fiye da 120,000 a ƙasar, kuma da yawansu a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na tashar jirgin Ueno suke kwana, da rana su yi bara ko gugar takalma. Mutanen da suka rasa yaƙi, suka rasa gidaje, suka rasa 'ya'ya, sai ga yarinya da kamannin marayun nan tana waƙa da muryar da ta girme ta. Daga nan ta zama tasu. Kafin ta rasu ta yi waƙoƙi fiye da 1,200, ta fito a fina-finai fiye da 150.

Ta yi waƙa iri-iri, har da jaz na Amurkawa, amma wadda aka fi saninta da ita ana ce mata enka. Asalin kalmar daga shekarun 1880 ne, lokacin da hukuma ta takura wa masu jawabin siyasa, 'yan adawa suka mai da jawabinsu waƙa suna rerawa a titi. Wanda ya san abin da 'yan NEPU suka yi da waƙa a Kano a shekarun 1950 ba zai yi mamaki ba. Daga baya siyasar ta fita, aka bar rabuwa, da kewar gida, da uwa, da tashar jirgin ruwa, da mai shan giya don ya manta. Yawancin karin enka a kan sauti biyar yake tafiya, kamar yawancin kiɗanmu na gargajiya, shi ya sa bai yi wa kunnen Alhaji baƙunta ba. Murɗa muryar nan da ta tsayar da mai gashin kifi kuwa, sunanta kobushi, kuma da ita ake auna gwani. Waƙarta Yawara, ta 1964, shekarar da aka yi gasar Olamfik a Tokyo, a kan kokawar judo take, ta sayu kusan miliyan 1.8, ta kuma ci babbar kyautar faifai ta ƙasar a 1965. Kanashii Sake ta 1966, wato giyar baƙin ciki, an san ta da zubar da hawaye in tana rera ta, hawayen na sauka amma muryar ba ta karyewa.

Abu biyu na yi ta jira a waƙoƙin ban ji ba: 'yan amshi da ambaton suna. Shata zai kira maka mutum da sunansa da na garinsu da alherin da ya yi masa, kalangai na tayawa, 'yan amshi na karɓa. Ita ita kaɗai ce a gaban makaɗa, kuma ba ta wasa kowa. Alhaji, da yake ɗan kasuwa ne, ya ce, "To in ba ta wasa kowa, wa ke ba ta mota?" Tafinta ya ce mai sayen faifai da mai yankar tikiti. Wani ne ke rubuta baitoci, wani ya sa kari, ita ta rera, kowa da kasonsa. Akwai ma wata ƙungiya, JASRAC, da aka kafa tun 1939, mai bin gidajen rediyo da shagunan da ake waƙar karaoke tana karɓar wa marubuta da masu kari haƙƙinsu.

Duk da haka ba ta rasa ubangida ba. Tun tana ƙarama Taoka Kazuo ya tsaya mata, shi ne kuwa shugaban Yamaguchi-gumi ta birnin Kobe, ƙungiyar yakuza mafi girma a ƙasar, wato 'yan daba masu ofis da littafin lissafi. A zamanin, shirya wasa a garuruwa da yawa sai da hannunsu. Suna ma bai bar ta ta huta ba. A watan Janairun 1957, a wani gidan wasa na Asakusa, wata budurwa 'yar shekara goma sha tara, masoyiyarta ce ma, ta watsa mata ruwan asid a fuska. Allah ya taƙaita, ta warke. A 1962 ta auri ɗan fim Kobayashi Akira, suka rabu a 1964. A 1973 aka kama ƙaninta Tetsuya a kan harkar 'yan daba, manyan ɗakunan taro na garuruwa suka ce ba za su ba ta wuri ba muddin yana cikin tawagarta. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. NHK ta cire ta daga Kohaku, shirin waƙa na daren 31 ga Disamba da kusan duk ƙasar ke kallo, bayan ta shafe shekaru tana rufe shi. A 1974, ana cikin wannan tsangwama, ta je Hiroshima ta rera waƙar neman zaman lafiya a wani bikin waƙoƙi na tunawa da bam ɗin nukiliya. Sai mutuwa ta shigo gidan: uwarta, wadda ba ta taɓa rabuwa da ita a bayan dandamali ba, ta rasu a 1981, Tetsuya a 1983, ƙaramin ƙaninta Takehiko a 1986.

Ana saura kwana biyu mu dawo, Alhaji ya tafi sayen tsaraba, ni kuma tafinta ya ce in zo mu je wurin kakarsa a lardin Fukushima, tunda na ƙi barin maganar. Daga Ueno muka hau jirgi. A ƙofar tashar ya nuna mini wani allon tunawa da wata waƙa ta 1964, Aa Ueno Eki, ta mawaƙi Izawa Hachiro. Ya ce daga 1954 zuwa 1975 akwai jiragen ƙasa na musamman da ke kwaso yara 'yan shekara goma sha biyar daga ƙauyukan arewa, da zarar sun gama ƙaramar sakandare, a sauke su a nan, masu masana'antu da masu shaguna na jira da tutoci, kowa ya ɗebi nasa. Ƙwan zinare ake ce musu, don arhar ƙwadagonsu. Su ne suka haɗa rediyo da motocin da duniya ta saya. Su ne kuma, da dare a ɗakunan haya, suka fi kowa sayen faifan kewar gida.

Na tsaya ina kallon allon, zuciyata na tashar motar Dambatta. Da an gama girbi za ka ga samarinmu da buhun tufafi a kafaɗa, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, ga acaɓa, ga ga-ruwa, ga yankan farce, ga gugar takalma irin ta Hibari a fim. Mu cin rani muke ce wa abin, kuma sunan kansa alkawari ne cewa da ruwan farko za a dawo.

Su nasu ba su dawo ba. Bayan tafiyar awa biyu da 'yan kai muka sauka a Iwaki, muka shiga mota zuwa cikin duwatsu. Gidan kakar na katako ne, a ƙarƙashin rufin an rataye wasu 'ya'yan itace jajaye kamar tumatir, jere a igiya suna bushewa. Kaki ake ce musu. Da na ɗanɗana sai na ji zaƙin kanya, ashe kuwa danginsu ɗaya. Tsohuwar ta haura tamanin, ta ranƙwafa, amma ita ke noma 'yar fadamar shinkafarta da wani ƙaramin inji. Ta zaunar da ni a kan tabarmar ɗaki, ta zuba mini koren shayi ba sukari, ta fito da ni baranda tana nuna mini gidajen unguwar da yatsa. Wancan babu kowa. Wancan tsohuwa ɗaya ce, an kai ta gidan kula da tsofaffi. Wancan 'ya'yan na Tokyo, sai lokacin ziyarar kaburbura suke leƙowa. Gidaje goma sha huɗu na ƙirga, biyar ne ke da hayaƙi. An rufe makarantar firamare. Gonakin da ke gefen dutse sun koma daji, aladun dawa ke kiwo a ciki. Ba unguwarsu kaɗai ba ce: ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 a Japan babu kowa a ciki, kuma a ƙidayar 2020 matsakaicin shekarun manomi ya haura 67.

Ni da na fito daga ƙasar da ko taku ɗaya ba za ka yi ba sai a gonar wani, abin ya tsaya mini a rai. A wajenmu ba a barin gona ta huta. Jakuna na kawo taki da mangala, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gawo da ɗorawa da kuka kowace da mai ita. Gonar mahaifinmu mu bakwai muka raba, nawa kason ko buhu huɗu ba ya bayarwa. Kullum kukanmu mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Ban taɓa tunanin akwai inda ƙasa ke neman mai noma ta ta rasa ba.

Kakar ta ce yayanta na cikin yaran jirgin nan. Da albashinsa na farko-farko ya aiko musu da rediyo, a cikinta ta fara jin Hibari. Wanda ya tafi shi ya aiko da akwatin da za a riƙa jin waƙar kewarsa. A Tokyo ya yi aure, a can ya tsufa, a can ya rasu. Na yi shiru, don ni ma shekara shida ke nan ban riƙe fartanya ba. Kuɗin 'yan ƙwadago nake turawa ta waya, ni na saya wa Inna wayar ma.

Da la'asar suka kai ni bakin teku, wurin da ake kira Shioyasaki, inda wata farar hasumiya mai fitilar jiragen ruwa ke tsaye a kan dutse. A gindinta akwai allon dutse da hoton Hibari, in ka tsaya a gabansa sai waƙa ta tashi da kanta. Igiyar ruwan tsunami ta 11 ga Maris 2011 ta share unguwannin da ke kusa, allon ya tsira. Waƙar da ke tashi, Midaregami, a kan wannan gaɓar aka yi ta, kuma ita ce ta fara ɗauka bayan ta fito daga asibiti a 1987. A watan Afrilun shekarar aka kwantar da ita a Fukuoka, hanta ta lalace, ƙashin ƙugu na mutuwa, mutane suka ce ta gama. Ran 11 ga Afrilu 1988 ta hau dandamalin Tokyo Dome, wanda ko wata guda bai yi da buɗewa ba, a gaban mutum 50,000. An sa wa wasan sunan tsuntsun almara da ke ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa. A bayan dandamali an ajiye mata gado da likita. Ta rera waƙa kusan arba'in a tsaye, a ƙarshe ta taka wata doguwar hanya ta tsakiyar jama'a tana murmushi, da ƙafafun da da ƙyar suke ɗaukar ta. Kakar ta ce a talabijin ta gani, kuma duk wanda ya kalla ya san ban kwana ake yi. A wannan shekarar ce mu kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a Zariya.

Sarki Hirohito ya rasu ran 7 ga Janairu 1989, zamanin Showa da ya faro tun 1926 ya ƙare. Bayan kwana huɗu aka fitar da faifanta na ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, wato kamar gudanar kogi, wanda Akimoto Yasushi ya rubuta. Wasanta na ƙarshe a Kokura ta yi shi ran 7 ga Fabrairu. Ta rasu ran 24 ga Yuni 1989 a wani asibitin Tokyo, ciwon huhu ne ajalinta. A watan da ya biyo gwamnati ta ba ta lambar girmamawa ta al'umma, ita ce mace ta farko da ta samu. A 1997 NHK, wadda ta hana ta ƙararrawa tana yarinya, ta kuma cire ta daga Kohaku tana babba, ta nemi ra'ayin jama'a a kan waƙar da ta fi kowace a ƙasar, waƙar kogin nan ta zo ta ɗaya.

Ba su bar komai nata ya salwanta ba. Kabarinta na maƙabartar Hino a Yokohama, gidanta na Meguro a Tokyo an buɗe shi ga masu ziyara. Kowace waƙa an san ranar da aka ɗauke ta, da wanda ya rubuta, da wanda ya sa kari. A 2019 har sabuwar waƙa aka yi da muryarta, NHK da kamfanin Yamaha suka koya wa ƙirƙirarriyar basira yadda take furuci da numfashi, aka nuna ta a Kohaku shekara talatin bayan rasuwarta. Wasu sun yi kuka, wasu sun ce cin mutuncin mamaci ne. Na tambayi kakar nata ra'ayin. Ta ce muryar ce, amma kamar gidajen unguwarsu take, ka ƙwanƙwasa babu kowa a ciki.

A jirgin dawowa na yi ta lissafin namu. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, an binne shi a Daura, kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi masa littafi, Shata Ikon Allah, a 2006. Barmani Choge ta bi a 2013, Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa, a 2015. Waɗannan ba za su ɓata ba, ko da a hannun masu tura waƙa a waya ne, ba kwanan wata, ba sunan makaɗi. Waɗanda suka dame ni su ne waɗanda ba su taɓa shiga rediyo ba: mai gangar noma da ke zuga samari a gayya, 'yan matan gaɗa, matan da ke luguden daka, da waƙar niƙa da nake ji daga ɗakin Inna da asuba ina yaro. Mutanen na nan, ƙauyen a cike yake, amma gayya ta koma ƙwadago, niƙa ya koma inji, dandali kuma kowa na kan wayarsa.

Ranar da na isa gida, bayan an gama rabon tsaraba, na zauna a ƙofar ɗakin Inna na kunna mata waƙar kogin. Tana tsinken zogale, ba ta ɗago ba. Da aka kai tsakiya ta ajiye faifan da ke cinyarta.

"Wannan wa ya mutu mata?"

Na ce, "Inna, ai ba kya jin yarensu."

"Na tambaye ka yare? Wa ya mutu mata?"

Na lissafa mata: uwa, da ƙanne biyu, ita ma wata biyar bayan fitowar waƙar ta bi su. Ta gyaɗa kai, ta ce ai ta ji, ta ci gaba da tsinke.

Sai na ce ta yi mini waƙar niƙan nan ta da, in ɗauka a waya. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa ya taɓa waƙar niƙa a zaune hannu sake, ai dutsen ne ke ba da kari. Muka shiga neman dutsen. Jikokinta ba su ma san abin da ake nema ba. A bakin turken awaki muka same shi a kife, an mai da shi matakala, ɗan dutsen kuma yana tokare da ƙofar rumbu. Na wanke su, na kawo mata. Ta durƙusa da ƙyar, ta zuba tafin gero, ta tura sau biyu, sau uku, muryar ta fito siririya. Baiti biyu ta yi ta tsaya, na ukun ya ɓace mata. Ta ce in kashe wayar tukuna, gobe in kira mata ƙanwarta daga Makoɗa, wataƙila ita ta riƙe sauran.